Akwatin kwamik na marigayi: a sayar ko a ajiye?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Mahaifinsa ya rasu ya bar akwati cike da tsofaffin kwamik, wato mujallun nan masu ba da labari cikin zane, waɗanda ya tara tun yana karatu a Ingila a shekarun 1970, har da wasu na nan gida Najeriya. A cikinsu ya koya wa 'ya'yansa karatun Turanci, kuma ya rubuta sunansa a bangon mafi yawansu. Yanzu ƙanin mai tambayar ya ga labarin an sayar da irin wannan mujalla dala miliyan 6 a Amurka, ya ce a sayar a raba kuɗin. Shi kuwa ransa bai ba shi ba. Yana son ya san wanne ya fi nauyi, kuɗin ko tunawa da mahaifi, da kuma yadda ake gane abin da akwatin zai yi a kasuwa.

Allah ya jiƙan Baba, ya kyautata makwancinsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Kai da ƙaninka a yanzu cinikin biri a sama kuke yi. Shi yana lissafin kuɗin da bai tabbatar akwai su ba, kai kuma kana gadin abin da wataƙila babu mai neman raba ka da shi. A mafi yawan akwatunan da ake buɗewa irin wannan, abin da ke ciki ba ya ko biyan kuɗin aika shi ƙasar waje. Wani lokaci kuma a tarar da guda ɗaya ko biyu da suka fi duk sauran daraja a haɗe. Saboda haka ba a yanke wa akwati hukunci a dunƙule. Mujalla-mujalla ake bi.

Bari in fara da wadda ƙaninka ya gani. Action Comics lamba 1 ce, ta shekarar 1938, inda Superman ya fara bayyana, kuma kamfanin gwanjo na Heritage da ke Dallas ne ya sayar da ita a watan Afrilun 2024. Farashinta ranar da ta fito santi 10 ne, wato kashi ɗaya cikin goma na dala. Samarin da suka ƙirƙiro Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka ba su suka sallama haƙƙinsa. An buga kimanin kwafi 200,000, amma waɗanda ake jin sun rage a duniya ba su wuce ɗari ko makamancin haka ba. Ina sauran? Yara sun karanta sun yayyage, iyaye mata sun share ɗaki sun zubar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta gangamin tara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, kwamik masu ɗimbin yawa suka tafi a ciki. A 1948 an ƙona su a bainar jama'a a wasu garuruwan Amurka bisa zargin suna lalata tarbiyya, a 1954 kuma har Majalisar Dattawan ƙasar ta zauna a kan batun. Wato tsadar ta samo asali ne daga cewa a wancan zamanin ba wanda ya ɗauke su a bakin komai.

Amma ƙarancin abu shi kaɗai ba ya kawo miliyoyi. Lafiyar takardar ita ce rabin ciniki, wani lokaci ma fiye da rabi. Akwai kamfani a jihar Florida mai suna CGC, wanda aka kafa a shekarar 2000, da yake duba mujalla, ya ba ta maki daga 0.5 zuwa 10, sannan ya rufe ta ruf a cikin akwatin roba mai gani-har-hanji. Wadda aka saya dala miliyan 6 makinta 8.5 ne. Ka gwada da wata irinta da wani magini ya tsinta a 2013 a cikin bangon wani tsohon gida a garin Elbow Lake na jihar Minnesota, an cusa ta tare da tsofaffin jaridu don tare sanyi. Ana cikin murna sai gardama ta kaure tsakaninsa da wata 'yar'uwar matarsa, aka ja nan aka ja can, bangon baya ya yage. Maki 1.5 ta samu, aka sayar da ita dala 175,000, kuma masu gwanjon sun ce yagewar nan kaɗai ta ci kimanin dala 75,000. Labari ɗaya ne a ciki, zane ɗaya, shekara ɗaya. Takarda kawai ta bambanta su.

A nan ne darajar kasuwa da darajar zuciya suke raba hanya, kuma shi ne abin da nake so ka riƙe. Kasuwa tana biyan kuɗi ne don mujallar da ba a karanta ba. Kai kuwa abin da ya sa kake son naku shi ne an karanta su. Lanƙwasar da ke kusurwar shafi inda Baba ya tsaya, sunansa da biro a bango, tabon shayi, shatin yatsun yaro mai koyon haɗa baƙi, duk waɗannan a wurin mai ba da maki aibi ne da ake rage lamba a kansa. Akwai misali da masu wannan harka suka sani sarai. The Incredible Hulk lamba 181 ta Nuwamban 1974, inda Wolverine ya fara fitowa sosai a labari, tana daga cikin mujallun da aka fi nema na shekarun 1970. A wani shafi na ciki kamfanin Marvel ya buga ɗan kan sarki da ake so yara su yanke su tara. Yaron da ya fi kowa son Marvel shi ne ya ɗauko almakashi ya yanke. Yau kwafinsa ya faɗi warwas a kan na yaron da ya saya ya jefa a durowa ya manta. Ita kuma wadda CGC ta rufe a roba ba a iya buɗe ta a karanta sai an fasa robar, an fasa kuwa makin ya tashi aiki. Mutum zai biya miliyoyi a kan littafin da ba zai taɓa juya shafinsa ba. Ni wannan bai taɓa kwanta mini ba, amma haka kasuwar take.

Tarin da ya fi kowane shahara a tarihin harkar ma na mutumin da ba don daɗin labari ya saya ba ne. Edgar Church mai zanen tallace-tallace ne a birnin Denver, yana sayen kwamik daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa na 1950 don ya riƙa duba salon zane. Ya jibge su a gidansa, a gari mai busasshiyar iska, da ƙyar yake taɓa su. A 1977 iyalinsa suna son a kwashe tarkace, sai wani matashi mai shagon kwamik, Chuck Rozanski, ya saye mujallu tsakanin dubu 18 zuwa 22 a kan kuɗin da bai wuce kimanin dala 2,000 ba. Har gobe kwafin da ya fito daga wannan tari yana ninka farashin takwarorinsa. Labarin yana da gargaɗi gare ku ma: iyalin da suka sayar cikin gaggawa ba tare da sun san abin da ke hannunsu ba, su ne suka tafka asara. Don haka ko da yake na ce yawancin akwatuna ba su da wani kuɗi, ban ce ku miƙa wa mutum na farko da ya taya ba.

Sai dai kada ka ɗauka kuɗin kwamik wani abu ne tsayayye da ba ruwansa da zuciya. Shi ma daga zuciya ya fito, ta wasu mutane ce kawai. Yaron da ya karanta Spider-Man a 1962 ya girma, ya yi kuɗi, ya waiwayo yana neman ƙuruciyarsa, ya tarar da dubban irinsa suna neman 'yan kwafin da suka rage. Wannan ribibin shi ne farashi. Shi ya sa Amazing Fantasy lamba 15, inda Spider-Man ya fara bayyana, mai santi 12, ta kai dala miliyan 3.6 a Satumban 2021. Shi ya sa kuma kwamik na kaboyi irin su Roy Rogers da Gene Autry, waɗanda aka yi yayinsu a shekarun 1940 da 1950, kasuwarsu ta yi sanyi: tsofaffi ne, wasu ma ba su da yawa, amma masu begensu sun tsufa sun tafi, jikokinsu kuwa ba su san su ba. Fim ma yana ɗaga farashi. Fantastic Four lamba 52 ta 1966, inda Black Panther ya fara bayyana, ta yi tashin gwauron zabi a daidai lokacin fim ɗinsa na 2018. Idan guguwar fim ta wuce, farashi yakan sauko.

Wanda ya saya don riba kaɗai kuwa, tarihi bai yi masa daɗi ba. A farkon shekarun 1990 jaridun Amurka suka cika da labarin tsofaffin kwamik masu tsada, sai jama'a suka ruga sayen sababbi biyar-biyar, goma-goma, suna ajiyewa a leda don kuɗin makarantar 'ya'ya. Kamfanoni suka ga banza ta faɗi. X-Men lamba 1 ta 1991 an fitar da ita da bango iri biyar, aka sayar da fiye da kwafi miliyan 8. A ƙarshen 1992 aka kashe Superman a mujallarsa lamba 75, aka sa ta cikin baƙar leda, mutane suka yi layi a ƙofar shaguna. To wa zai saya a hannunka abin da kowa ya ajiye nasa sabo fil? Yau 'yan daloli kaɗan ake sayar da su. Kasuwar ta rushe, shaguna da yawa suka rufe, a Disamban 1996 Marvel kansa ya shiga kotu neman kariya daga masu bin sa bashi. An sake ganin ɗan irin wannan a lokacin korona, farashi ya yi sama a 2021, daga baya ya zube.

Akwai inda labarin mai kaya yake ƙara kuɗi, kuma na san za ka so ka ji ko na Baba zai shiga ciki. A 2021 Heritage ya fito da wani tari na mujallu fiye da dubu 5 da aka sa wa suna Promise, wato alkawari. Wa da ƙani ne suka tafi Yaƙin Koriya. Ƙanin ya roƙi wansa idan bai dawo ba ya kula masa da kwamik ɗinsa. Bai dawo ba. Wan ya tattara su ya ajiye a saman rufin gida shekaru da dama bai taɓa ba. Masu saye sun biya farashi mai yawa, labarin kuma ya taimaka. Amma ka lura, mujallun na shekarun 1940 ne, kuma lafiyarsu ta kai matuƙa. Labarin ƙari ya yi a kan darajar da take nan tun asali. Baƙon da ke Amurka ba zai ƙara ko santi ɗaya don mahaifinka ya koya maka karatu a kan kwafin ba. Wannan darajar a cikin gidanku take, ba ta bin kaya zuwa hannun wani. Ranar da aka sayar, ta ƙare, ba ta koma wurin mai saye ba, ba ta kuma shiga cikin kuɗin da aka ba ku ba.

Ka kuma yi hattara da zuciyarka wajen sa farashi. A wani gwaji da Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler suka wallafa a 1990, an raba wa wasu ɗaliban Jami'ar Cornell kofunan shayi, wasu ba a ba su ba. Waɗanda aka ba sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali 'yan mintoci kaɗan kofin ya yi a hannunsu. Ina ga abin da ya shekara hamsin a ɗakin mahaifi? Shi kuma ƙaninka nasa tarkon daban ne: kuɗin da ake gani a intanet sau da yawa abin da mai kaya ya yi wa kayansa suna ne, ba abin da aka biya ba. A eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, akwai inda ake duba kayan da aka riga aka sayar, nan za ku duba. Akwai kuma kundin farashi na Overstreet da ake fitarwa tun 1970.

Yanzu ga abin da nake tsammanin za ku tarar. Wanda ya yi karatu a Ingila a shekarun 1970 yawanci abin da ya fi samu shi ne mujallun mako-mako na can, irin su The Mighty World of Marvel da aka fara a 1972. Waɗannan maimaicin labaran Amurka ne, galibi baƙi da fari, kuma ba su da tsada. Haka su Beano da Dandy da Commando na wancan lokaci. Waɗanda za ku sa wa ido su ne bugun Amurka na ainihi, ƙanana masu launi tun daga farko har ƙarshe. Wasunsu za ka ga kuɗin Ingila a bango maimakon santi. Kada wannan ya ruɗe ka, a Amurka aka buga su tare da sauran, farashin bango kawai aka canza don kasuwar Ingila, ko da yake an daɗe ana sayen su ƙasa da masu santi. A ƙasan shafin farko akwai ƙananan rubutu da ke faɗin suna da lamba da shekara da inda aka buga. Shi ne shaidar, ba hoton bango ba. Ita kanta Action Comics lamba 1 an sake buga ta a 1974 da girma fiye da na asali, kuma an sha cire mata bangon waje a yaudari mutane da ita.

Na gida Najeriya kuwa, a wurina su ne suka fi ban sha'awa a akwatin, ko da ba su ne masu kuɗi ba. Idan akwai Powerman, wadda aka fara a 1975 don kasuwar Najeriya, ka san cewa Dave Gibbons da Brian Bolland ne suka zana ta tun ba su yi suna ba, shi Gibbons daga baya shi ya zana shahararren kwamik ɗin nan Watchmen. Akwai masu neman ta a waje saboda haka. Idan akwai African Film mai Lance Spearman, wadda labarinta cikin hotuna yake ba zane ba, ko Ikebe Super ta Wale Adenuga da aka fara a Legas a 1976, to kana riƙe da abin da ya yi ƙaranci ƙwarai, don mafi yawansu sun ƙare a hannun masu ƙosai da masu tsire, saura gara ta cinye. Ba su da tsayayyen farashi saboda ba a kafa musu kasuwa ba. Amma ɗakin karatu na jami'a ko mai binciken tarihin aikin jarida zai yi murna da su, kuma a ganina bai kamata a yi musu kuɗin goro a rabu da su ba.

Akwai wani ɓangare da masu ba da shawara na Turai ba sa kawowa, mu kuwa dole mu kawo. Akwatin nan dukiyar gado ce. Son da kake yi masa bai mai da shi naka ba, mahaifiyarku da 'yan'uwanka mata da duk wani magaji suna da haƙƙi a ciki. Hanyar da aka saba ita ce a yi wa kaya ƙima, wanda yake so ya ɗauka a cire daga kasonsa ko ya biya sauran, da yardar kowa. Idan akwai ƙananan yara cikin magada, ba a yafe haƙƙinsu a madadinsu. Malamin da zai raba muku gadon zai yi muku bayani filla-filla. Abin da ya shafi fannina shi ne ƙimar ta zama ta gaskiya kuma a gaban kowa. Idan aka ce ai tsofaffin takardu ne ka ɗauka kawai, bayan shekara biyar aka gano guda ɗaya a ciki ta kai kuɗin mota, zumunci ne zai biya bashin.

Ku zauna tare da ƙanin naka, ku rubuta suna da lamba da shekarar kowace mujalla, ku ɗauki hoton gaba da baya. Idan wani abu ya fito mai daraja, ku yi lissafin abin da zai shigo hannu, ba abin da aka buga a labarai ba. Kuɗin da gidajen gwanjo suke shelantawa ya haɗa da la'adar da mai saye yake ɗorawa, wadda takan kai kusan kashi 20 cikin 100. Akwai kuɗin ba da maki, wanda yake ƙaruwa da darajar mujallar, ga kuɗin aikawa daga Najeriya da inshora, ga kason mai gwanjo. Mujallar dala hamsin ba ta cancanci wannan wahala ba. Ta dubban daloli ta cancanta.

Idan ra'ayina kake so, irin wannan mai tsadar ni sayarwa zan ce a yi, sai fa in ita ce takamaimai wadda ka fi tuna Baba da ita. Dalilina yanayinmu ne. Takardar kwamik irin ta jarida ce, mai arha, tana da sinadarin da yake sa ta yin ja tana ƙeƙashewa da kanta. Zafin bazara yana gaggauta haka, laimar damina tana sa 'yan ƙarafan da suka ɗinke tsakiya su yi tsatsa su ci takardar, ga gara da kyankyaso da ɓera. Abin da ya kai maki 6 bana zai iya zama 4 nan da 'yan shekaru a ɗakin da ba a tanadar masa ba, kuma asarar ta magada duka ce. Labarin da ke ciki ba zai ɓace muku ba, don shahararrun duk an sake buga su a littattafai masu sauƙin kuɗi. Sauran kuwa, masu sunan Baba da lanƙwasa da tabo, waɗanda kasuwa za ta taya da abin da bai taka kara ya karya ba, babu dalilin fitar da su daga gida. Ka biya 'yan'uwanka ƙimarsu, ko ku raba kowa ya ɗauki wadda ya fi tunawa, a bar yara su karanta.

Kafin a gama tantancewa, kada kowa ya yi musu gyara. Salatif da gam da cike launi da biro da datse gefe da reza duk suna karya farashi. CGC tana sa wa wadda aka gyara tambari mai launin shunayya maimakon shuɗi, masu saye kuma suna gudunsa. Ku ɗauke akwatin daga ƙasa, ku nisanta shi da bango mai danshi da kuma ƙarƙashin kwano, ku sa kowace mujalla a ledarta da ɗan kwali a baya, a wurin da rana ba ta shiga. Mafi muhimmanci, kada a kai su shago a manne su da leda mai zafi kamar yadda ake yi wa takardun makaranta. Ledar ba ta ciruwa ba tare da ta ɗauke fuskar takardar ba, kuma mujallar da aka yi wa haka da wuya a sami mai taya ta.